Biyan Kuɗin Kaya a Waje: Shawarar 'Yan Kasuwar Garwa

Masu shigo da kaya daga Dubai da Sin sun fi jan kunne kan abu ɗaya: kamfanin da ke Kamaru ko Chadi ba ya buɗe asusu a wajen yankin CEMAC (ƙasashen Afirka ta Tsakiya masu amfani da sefa) sai da izinin BEAC, babban bankin yankin. Dokar canji ta 2018 ce.

In odar ta kai sefa miliyan 5, Alhaji, ka fara yi mata rajista a bankinka kafin ka tura ko sisi. Sunan da ke kan rasit ya zo daidai da sunan asusun mai karɓa. Harafi ɗaya ya kauce, bankin da ke tsakani yana iya riƙe kuɗin. In mai sayar maka da kayan sabo ne kuwa, takardar lamunin banki (alkawarin bankinka na biyansa in ya cika sharuɗɗa) ta fi, ko da akwai caji. Ka kuma lura da kuɗin da za ka biya da shi: sefa 655.957 ce yuro ɗaya, farashi tsayayye, amma dala tana hawa tana sauka.