Neman kalma: me za mu kira "herd immunity" da Hausa?

1/
Masu fassara da ma'aikatan lafiya, ku matso. Jiya ƙanwata da ke aikin rigakafi a wani ƙaramin asibiti ta kira ni. An ba ta takardar wayar da kai ta mayar Hausa, ta zo kan "herd immunity" ta cije. Ta ce, "Yaya, na rubuta garkuwar garke, amma da na karanta a fili sai kunya ta kama ni." Na ce gara da ta kama ki tun a ɗaki.

2/
Abin da ake nufi dai shi ne: idan akasarin mutanen gari suna da kariya daga cuta mai yaɗuwa, sai ta rasa wanda za ta bi ta wuce, har wanda ba a yi wa allura ba ya tsira. Albarkacin kaza ke nan ƙadangare ya sha ruwan kasko. Amma fa sai kajin sun yi yawa. Mai ƙyanda ɗaya na iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 idan ba su da kariya, shi ya sa ake son a yi wa kusan 95 cikin 100 allurarta. Shan inna kuwa wajen 80 cikin 100.

3/
Garke, wato fassarar "herd", bai karɓu ba. Gaskiya ne daga bakin likitocin dabbobi na Amurka kalmar ta fito, sama da shekara 100 da suka wuce, kuma kan shanu suke magana. To amma je ka ƙofar mai unguwa ka ce wa dattawa kana son garkensu ya samu kariya, ka ga ko za a shimfiɗa maka tabarma.

4/
Da yawa za su ce garkuwar jama'a, tunda mun saba da garkuwar jiki. Matsalata da ita biyu ce. Ta yi kama da kirarin ɗan siyasa a jikin fosta, ko sarautar da ake naɗa wa mai kuɗi. Babbar kuma ita ce kunne. A wannan zamani, tsohuwar da ke sauraren rediyo a ƙauyen Zamfara ko Katsina, ta ji "garkuwa" an bi ta da "jama'a", gabanta ne zai faɗi, don garkuwa da mutane za ta tuna. Ba haka ake fara zancen allurar jikoki ba.

Rigakafin gama-gari kuma sunan aikin ne, wato fitar masu allura gida-gida. Mu sunan abin da aikin ke haifarwa muke nema.

5/
Ga tawa: ganuwar rigakafi.

Ganuwa ba mutum ɗaya ke gina ta ba, aikin gayya ce. Idan ta tsaya, kowa na ciki ya kwana lafiya, har da wanda bai taɓa ɗaukar ƙasa ko kwando ɗaya ba. Ku dubi ranar suna. Jaririn kwana bakwai yana yawo daga hannun gwaggo zuwa na inna zuwa na maƙwabciya, yara sun cika tsakar gida, wannan na tari wancan na jan majina, kowa sai ya leƙa fuskarsa. Shi kuwa allurar ƙyanda ba za a yi masa ba sai ya kai wata 9. Kafin nan, ban da ɗan abin da ya samo daga jikin uwarsa, waɗannan yaran da ke zagaye da shi su ne ganuwarsa. Haka mai juna biyu da ba a yi wa wannan allura, haka wanda maganin ciwon daji ya raunana.

Kalmar kuma tana ɗauke da gargaɗinta, don kowa ya san ganuwa tana zubewa idan aka daina yaɓe. Mun gani da idonmu. Da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003, kafin a dawo da shi a 2004 cutar ta samu ɓaraka, daga baya ta ɓulla har Yaman da Indonesiya, sai a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar. Mashaƙon da ya taso daga ƙarshen 2022 ma yawanci yaran da ba su samu allura ba ya kayar.

6/
Wani malami ya yi gyara a ƙasa, ya ce wanda ya kamu ya warke shi ma yana shiga lissafi, don haka "rigakafi" ta takure ma'anar. Allah gafarta malam, haka ne. Sai dai da gangan na bar ta. A 2020, lokacin korona, masu cewa a ƙyale cuta ta ratsa jama'a sun fake da kalmar "herd immunity", har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce ta hanyar allura ake neman ta. Takardar asibiti ba za ta bar wannan ƙofa a buɗe ba.

7/
Wata ungozoma ta ƙara da cewa a kula, ba kowace cuta ganuwa ke tarewa ba. Tetanus, wato ciwon da ke sanƙarar da jiki ya sarƙe haƙora, daga ƙasa da datti yake shiga rauni ko cibiyar jariri, allurar maƙwabci ba za ta amfane ka da komai ba. Na gode, Hajiya.

Mutanen Maraɗi da Damagaram, me gidajen rediyonku ke cewa? Ƙanwata dai ta riga ta kai wa mai ɗab'i, ta rubuta: "Ki kawo ɗanki allura, ki toshe wa unguwarku ganuwa."