Mustang da aka saukar tana gogar ƙasa

Tambaya: Salamu alaikum. Mota ce, Mustang 1967, an yanke mata sifirin ta sauka. Yanzu kowane tudun rage gudu a Sakkwato sai cikinta ya gogu. Inci nawa ya kamata a bari tsakanin cikinta da ƙasa?

Amsa: Alhaji, kar ya gaza inci 4. A auna a ƙasa mai shimfiɗa, tanki cike, mutum biyu ciki, daga abin da ya fi kusa da ƙasa, galibi bututun salansa ko kaskon baƙin mai. Kaskon nan in ya huje, mai ya zube, injin ya lalace.

Amsa: Yankan sifirin ne matsalar, ranka ya daɗe. Shakazoba ba ta da sauran wurin motsi, sai dukan ƙarfe. A sa sifirin da aka ƙera don saukarwa, da gajeriyar shakazoba.

Amsa: Kafin nan, a riƙa hawa tudun a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya.