Giyar baya da sarƙar keke daga Legas: in tura kuɗin ko in haƙura?

Malamin firamare, Tumfure: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na jingine babur na koma hawa keke zuwa makaranta, keken gwanjo ne mai giya bakwai a baya. Makon jiya giyar bayan, wato ƙarfen da ke matsar da sarƙa idan an canza giya, ta lanƙwashe, sarƙar ma ta saki, tana tsallake haƙori duk lokacin da na taka da ƙarfi a hawa. Wani mai sayarwa da ya ce yana Legas, wanda na gani a Facebook, zai ba ni giyar Shimano Tourney da sarƙar KMC a kan naira 14,000, amma sai na biya duka kafin ya sa kayan a mota. Shin ana iya gane jabu daga hoto, kuma wannan farashi yana kama da na gaskiya?

Dattijo, Jekadafari: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka rabu da keken giya ka nemi Phoenix ko Raleigh irin na dā. Nawa ya girmi 'ya'yana uku, kuma ban da taya da boris ban taɓa canza masa komai ba.

Mai shago, Pantami: Malam, don Allah kada ka tura. Bara na ga ƙafafun keke biyu a wani shafi, muka daidaita a kan 38,000. Sunan da ke kan asusun ya bambanta da na mutumin, na yi magana, ya ce na matarsa ne, ya kuma turo mini bidiyon kwali a tasha da sunana a jiki. Washegari wani ya kira ya ce shi ne direba, an tsare su a hanya, in ƙara 5,000. Na ƙara, domin wanda ya riga ya zuba 38,000 yana ganin ba zai bari ta lalace saboda dubu biyar ba. Daga nan layukan biyu suka mutu. Da na je banki aka ce an kwashe kuɗin zuwa wani asusu cikin 'yan mintoci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin jarin shago ne, kuma har yau hotunan ƙafafun nan suna yawo a ƙarƙashin wani sabon suna.

Mai gyaran keke, Herwagana: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Malam, hoto ba ya nuna komai, domin na gaske suke ɗauka su aiko maka da wani. A hannu ake ganewa: sifirin ɗin giyar jabu ba shi da ƙarfi, ƙananan tayoyinta na roba suna girgiza, rubutun jiki kuma yakan goge da farce. Kada a ce duk abin da aka ƙera a China jabu ne, Shimano kamfanin Japan ne amma yana da masana'antu a China da Malesiya da Singafo. Sannan sarƙar giya shida da bakwai da takwas faɗinsu ɗaya, saboda haka ba sai ka je Legas ba. Mai kyau nakan sayar da ita 9,000.

Ɗalibi, Bauchi: Dubu tara kuma? A kasuwar Muda Lawal na sayi sarƙa 3,500 kuma wata na biyar ke nan ina hawa. Da girmamawa, Oga, mai sayar da kaya ba shi ne zai ba da shawara a kan sayen kaya a wani wuri ba.

Mai gyaran keke, Herwagana: Ƙanena, shekarata 19 hannuna cikin baƙin mai. Sarƙarka ba za ta tsinke yau ba, miƙewa za ta yi a hankali ta cinye haƙoran baya, ranar da ka zo canzawa kuma sai ka sayi duka biyun.

Ma'aikaciyar jinya, Bolari: Ni dai giyar da maigidana ya yi oda ta iso lafiya, sai da yaronmu ya karanta kwalin muka ga an rubuta Shinamo. Yanzu haka ake kiran keken a gidanmu.

Mai shago, Pantami: Hajiya, ku da kuka ga kwali ma kun gode Allah. Ni bidiyonsa kawai na samu.

Direba mai ritaya, Kumo: Akwai hanya idan mutumin na gaskiya ne. Ya ba direban da ke zuwa Gombe kayan, ka je tasha da mai gyaranka a buɗe a gabanku, sannan ka biya. Wanda ya ƙi wannan ka san abin da yake nufi.

Ɗalibi, Bauchi: Baba, ai tashar ma wani ciwon kai ce. Na biya kuɗin aike tun daga can, da kayan suka iso aka ce sai na ba da 1,500 na saukewa da ajiya, alhali ledar ba ta kai nauyin burodi ba.

Direba mai ritaya, Kumo: Wannan ba kuɗin direba ba ne, na masu kula da kaya a tasha ne, kuma da za ka bar ledar ta kwana uku ta ɓace, direban za ka fara zagi.

Malamin firamare, Tumfure: Na gode ƙwarai. Na gaya masa shawarar Baba, ya amsa cewa an sha cutarsa ta wannan hanya, amma ya yarda in tura rabi. Ko rabin ma akwai haɗari?

Ma'aikaciyar jinya, Bolari: Mu 2,000 aka karɓa a hannunmu a tasha, ba 1,500 ba, kuma ko rasit ba a ba mu ba.