Lambun bayan gida ya isa ya raba yara da dundumi?

Malamin Gona: Salamu alaikum. Ina nan a kan bakana: gidan da ke da lambun karas, kabewa, alayyafo da zogale, yaransa ba sa bukatar ɗigon bitamin A. Kuɗin ɗigon nan a saya wa mata iri da shi.

Anti Nas: Wa'alaikumus salam Malam. Wannan magana da gyara. Abin da ke cikin ganye sunansa beta-carotene, jiki ne ke juya shi ya zama bitamin A, kuma sai an ci kashi 12 a abinci kafin a samu kashi 1. A 1995 an gwada ƙara wa mata masu shayarwa ganye a Indunusiya, bitamin A na jikinsu bai wani ƙaru ba. In babu ɗan mai a girkin ma, yawancinsa wucewa yake.

Malamin Gona: To ai ba ganye kaɗai na ce ba, Anti. A Mozambik an raba wa manoman karkara irin dankali mai jan ciki, aka auna jinin yara aka ga ya ƙaru. Masu aikin ma sun samu kyautar abinci ta duniya a 2016.

Maman Biyu: Ku da kuke magana kun taɓa ciyar da ɗan shekara ɗaya? Ruwan miyar yake tsotsewa, ya tofo ganyen a tafin hannunki. Cikinsa nawa ne? Dankalin dai na yarda, yana da zaƙi, a dama masa ya shanye.

Kawu: Kuma lambun na damina ne. Rani na shigowa rijiya ta ja baya, awaki su ƙarasa saura. Abin da ya yi kyau kuma kasuwa ake kai shi.

Malamin Gona: Kawu, a killace, a busar da ganyen a inuwa. Ɗigon ma ai ba kowane ƙauye yake isa ba.

Anti Nas: Wannan gaskiya ne, kuma yana damuna. Amma wanda ya taɓa ganin yaron da magariba na yi sai ya tsuguna wuri ɗaya yana lalube, ga farin tabo kamar kumfa a idonsa, ba zai ce a jira kabewa ta nuna ba. Kyanda ko gudawa guda kan kwashe bitamin A da hanta ta tara. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba yara ɗigon daga wata 6 zuwa 59, duk bayan wata 4 zuwa 6, a inda ƙarancin bitamin A ya yi yawa.

Malamin Gona: Sai yaushe za a daina rabawar ke nan?

Maman Biyu: Ranar da kuka daina sayar da ƙwan kajinmu, Malam. Yanzu dai faɗa mana inda ake samun irin dankalin.