Takobin kakanmu na yaƙin Burmi, a sayar ko a ajiye?

Jikan Malam: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mu mutanen yankin Bajoga ne. Kakan mahaifinmu yana cikin waɗanda suka tsira a yaƙin Burmi, ya bar takobi da takardun ajami a cikin gafaka. Tun rasuwar Baba suna ƙarƙashin gadon Inna, har gara ta fara cin gefen takardun. Yanzu wani dillali ya zo ya taya, Baffa ya ce a sayar a gyara rufin gida kafin damina. Ni da Baffa dama ba ma ga maciji tun rabon gona. Ya zan yi?

Abu Sadik: Wa alaikumussalam. Kul ku sayar! Ɗan uwa, ka san mene ne Burmi kuwa? Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, a garin Burmi hijirar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ta tsaya. A watan Mayu mutanen garin suka kori sojan Turawa. Da suka dawo ranar 27 ga Yuli, Attahiru ya yi shahada, shi ma Manjo Marsh da ya jagorance su kibiya ta kashe shi. Ɗan Sarkin, Mai Wurno, ya wuce Sudan da sauran jama'a. Ka kai takardun Arewa House, cibiyar adana tarihin Arewa a Kaduna, magana ta ƙare.

Umman Khalifa: Hmm. Mu ma haka wasu masu bincike suka zo da daɗin baki suka karɓi kundin kakanmu, wai za su ɗauki hoto su dawo da shi. Har yau shiru. Ka ɗauki hoton da wayarka, kada ka ba kowa.

Na Gombe: Kayan gado ne fa, ba naka kai kaɗai ba. A yi musu kima, ka biya sauran magada. Nawa ma aka taya? Kuma wa ya karanta takardun ya ce na Burmi ne?

Jikan Malam: Babu wanda ya karanta, amma Inna ba za ta yi ƙarya ba. Kuɗin biyan magada kuwa ba ni da su, shi ya sa na ɗauke gafakar na kai ɗakina.

Na Gombe: Ba da sanin Baffan ba?

Abu Sadik: Ku bar zancen Baffa, tarihin al'umma ake magana. Kaduna kawai.

Jikan Malam: Malam, Kaduna da wane kuɗin mota? Ga shi dillalin ya ce ranar Juma'a zai dawo.