Neman kalma: raven, sagebrush da subsidized predator

Salam 'yan uwa. Kalmomin Turanci uku ne ke gabanmu yau da muke nema musu Hausa, kuma duk daga waje guda suka fito, wato yammacin Amurka, jihohi irin su Nevada, Idaho, Wyoming da Oregon, inda daji yake fetal ba dogayen itatuwa sai wani ɗan tsiro mai toka-toka da suke kira sagebrush.

Shi wannan bai ba ni wahala ba. Sunansa na kimiyya Artemisia tridentata, dangin tazargade ne kai tsaye, har ƙamshin mai ɗaci yana da shi. To dajin tazargade kawai, in ana so a bambance a ce tazargaden Amurka.

A ƙarƙashinsa ne wata tsuntsuwa, sage-grouse, take yin sheƙa a ƙasa kamar yadda zabuwar daji ke yi, ta kwanta a kan ƙwai kusan sati huɗu. Da sanyi kusan ba ta cin komai sai ganyen tazargaden, don ma ba ta da ƙundu mai ƙarfin niƙa tsaba irin na kaza. Na ce mu kira ta makwarwar tazargade, wani ya ce ai ta fi makwarwa girma nesa, namijin yana kai kilo 3, gara zabon tazargade. Na yarda, zabo ya fi zama a baki.

Raven kuma hankaka ne, sai dai baƙi wuluk, ba farin ƙirji irin namu, kuma ya kusa ninka namu nauyi. Wani malami daga Damagaram ya tuna mana cewa can arewa wajen Agadas akwai hankaka marar farin ƙirji, don haka ba baƙon abu ba ne. Ranka ya daɗe mun gode. Baƙin hankaka ya zauna.

Yanzu ga mai wuyar. Subsidized predator suke ce wa dabbar da ke farautar wasu amma mutum ne ya ƙara mata yawa ba da niyya ba. Da can dajin nan ba ya iya ɗaukar hankaki da yawa, ba ruwa sosai, ba abinci da sanyi, ba inda za su ɗora sheƙa a sama. Sai mutum ya zo ya shimfiɗa kwalta, motoci suna take zomaye dare da rana, ya buɗe bola, ya ajiye komin shayar da shanu, ga mushen dabbobi a bayan garke, sannan ya kafa falwaya da manyan turakun lantarki a tsakiyar fili. Hankaka ya samu ci da sha da bene. Daga saman turken nan yana hango zabuwa lokacin da ta tashi daga kan ƙwai ta je kiwo, kafin ta dawo ya kwashe. Masu bincike a Nevada sun ɗaura kyamara kusa da sheƙuna, hankaka ne ya fi fitowa a cikin masu ɓarnar. Mu muna masa kirari da mai da ɗan wani naka, can kam mai da ɗan wani kalaci ne.

Kuma ba a kashe shi haka nan, dokar kare tsuntsaye ta 1918 ta ba shi kariya, sai da izinin gwamnatin tarayya. Ana ba da izinin, ana saka guba a ƙwan kaza a ajiye masa, amma in bolar da falwayar suna nan wasu ne za su cike gurbin. Ita kuwa zabuwar a 2015 hukumar kula da namun daji ta Amurka ta ƙi saka ta cikin jerin masu fuskantar ƙarewa.

Shawarwarin da suka shigo a kan subsidized predator, na farko mafarauci mai cin tallafi. Gaskiya ya yi daɗi kuma kowa zai gane don mun sha maganar tallafin mai, amma tallafi da niyya ake bayarwa, akwai mai sa hannu, nan kuwa ba wanda ya zauna ya ce bari in ciyar da hankaka. Wata Hajiya ta ce cima-zaune, na yi dariya sosai, sai dai Hajiya hankaka ba malalaci ba ne wlh, tun asuba yake sintiri a bakin titi. Ɗan gata ma an kawo, shi ma dai yana nuna ana so ne ake shagwaɓa shi.

Ni dai na tsaya a kan mafarauci mai cin ɓagas. Ɓagas abu ne da ya faɗo maka ba ka biya ba, wanda ya yar ma bai san ya ba ka ba, kuma zai hau kan karnukan bola da magen gari da ke cin 'yan tsaki, ba sai hankaka kaɗai ba. Jam'i mafarauta masu cin ɓagas. Wanda yake da wadda ta fi ta gajarta ya kawo, don ta ɗan yi tsawo a kanun labari.

Saura lek, filin da mazan zabin ke taruwa da sassafe a farkon bazara suna kumbura ƙirji suna rawa mata na zaɓa. Wannan ban ma tsaya jiran shawara ba, dandali na rubuta.