Oktoba 2020, kusan wata bakwai suna gida: daga ina za mu kamo karatun 'yan sakandare?

Mataimakin Shugaba, Ɓangaren Karatu:

Assalamu alaikum malamai. An rufe makarantu a ƙarshen Maris na 2020 saboda korona, ana dab da jarrabawar zango na biyu. 'Yan SS3 sun dawo ranar 4 ga Agusta, suka fara WAEC ranar 17 ga watan, yanzu suna kan NECO. Sauran azuzuwan za su dawo mana ranar Litinin, 12 ga Oktoba.

Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce. Waɗanda za su dawo sun kai 600, aji goma, kowane aji mutum 60. Ɗakunan tsawon mita 9 ne, faɗin mita 7, banci mai cin mutum uku. Malaman lissafi biyu ne kacal. Babu burtsatse, ruwan kura muke saye. Yaya za mu yi da tazarar da aka ce a bayar? Kuma manhajar zango na uku za mu kama, ko mu koma baya? Don Allah a ba mu abin da zai yiwu a aikace.

Tsohon Firinsifal:

Wa alaikumus salam Malam. Fara da awo. Ware mita 2 a gaban allo domin malami, saura mita 7 a 7. In ka ce tazarar mita 2 za ka bi kamar yadda takardar ma'aikatar ilimi ta tarayya ta nema, layi huɗu ne a tsaye, huɗu a kwance, mutum 16 ke nan. Ba za ka iya ba, kuma ba kai kaɗai ba. Da tazarar mita ɗaya, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa, za ka jera banci uku-uku sahu biyar, banci 15, mutum biyu a kowanne, ɗaya a wannan bakin ɗaya a wancan. Mutum 30, rabin ajinka daidai. A sa fenti ko a ƙulla igiya a tsakiyar bancin, don alli ba ya kwana biyu.

Amma ba ɗaki ne matsalarka ba, malamai ne. Mutane da yawa suna cewa a yi safe da yamma, ba su zauna sun yi lissafin ba. Lissafi darasi biyar ne a mako. Aji goma, darasi 50, malami ɗaya 25. Ka raba kowane aji biyu, ya zama darasi 50 a kan mutum ɗaya. Kafin mako uku muryarsa ta dushe, sai ya koma ba hedboy littafi ya kwafa a allo. Ga shi 'yan N-Power, matasan da gwamnatin tarayya ta ɗauka aikin wucin gadi, da suke toshe irin wannan ɓarakar an sallame su a Yuni da Yuli.

Sannan karatun yamma yana da nasa ciwon kan. Darasi shida na minti 35 da tara ta minti 20 awa uku ne da minti 50. Na safe su tashi ƙarfe 11:50, na yamma su shiga 12:20 su tashi 4:10. Sun ci karo da Islamiyya ke nan, ranar Juma'a kuma babu karatun yamma gaba ɗaya. Iyayen 'yan mata ba sa son dawowar yamma, musamman na ƙauyukan nesa.

Abin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne rukuni biyu a kowane aji. Rukuni na ɗaya Litinin da Laraba, na biyu Talata da Alhamis, Juma'a a riƙa karɓa-karɓa. Nauyin malami bai ƙaru ba. Asarar ita ce yaro rabin darasin zai samu, don haka ranar da yake gida dole ya tafi da aikin da za a duba a sa maki, ba na jeka-na-yi-ka ba. Wa da ƙani a sa su rukuni ɗaya saboda kuɗin mota. Darussan da ba sa cikin na dole a rage musu lokaci a ba lissafi da Turanci, malamin fizik da na tattalin arziki su karɓi lissafin JSS1 da JSS2. Asambili a dakatar da shi, malamin aji ya karanta sanarwa a ajinsa. Tara kuma a raba ta, ƙananan aji su fita su dawo kafin manya su fita, in ba haka ba duk tazarar da ka yi a aji za ta rushe a gaban mai awara.

Malamar Lissafi:

Ranka ya daɗe Firinsifal ya gama da jadawali. Ni tambayar manhaja zan ɗauka, don ita ce za ta daɗe tana binmu bayan an manta da takunkumi.

Malam, kada ka buɗe manhaja a makon farko. Kada kuma ka dogara da cewa an yi darasi a rediyo da talabijin. Kaduna da Kano da wasu jihohi sun yi, amma darasin rediyo ba ya duba littafin yaro, kuma yaron da ke gona ko kasuwa a lokacin da ake watsawa bai ji ba. Wanda bai taɓa biro ba tun Maris ba tsayawa kawai ya yi a inda aka bar shi ba, baya ya koma.

Kwana biyun farko a yi gwajin gano matsayi, ba na maki ba. A gaya musu haka ƙarara, kuma kada a rubuta sakamakon a kati, domin da zarar sun ji maki ne sai satar amsa ta shigo, gwajin ya tashi a banza. A lissafi tambaya 20, minti 40, a jera su daga sauƙi zuwa wuya: biyar a kan ninkawa da rabawa masu tsawo, biyar a kan rabi da kwata da lambobi masu ɗigo da kaso cikin ɗari, biyar a kan lambobi masu alamar ragi da neman x, biyar na ƙarshe daga abin da aka koyar a zango na biyu. Ba jimillar maki za ka duba ba, sai wurin da yaro ya fara tuntuɓe. Yaron SS1 da ya ce 3 a cire 8 ya ba da 5, ko ya tara rabi da sulusi ya sami biyu bisa biyar, duk aljebrar da ka ɗora masa a kan haka gini ne a kan yashi.

Turanci kuma ba ya son gwajin rubutu kaɗai. Kowane yaro ya karanta sakin layi ɗaya a bayyane, daga littafin aji biyu ƙasa da nasa, minti ɗaya, sannan a yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta. Mutum 30 darasi biyu ya ishe su. Za ka sami kashi uku: mai karantawa ya fahimta, mai karantawa bai san me ya karanta ba, da mai harhaɗa baƙi. Kashi na biyu ne suke ruɗar malamai, don a kunne karatunsu lafiya lau.

Daga nan sai a ware awa ɗaya ta farko kowace rana, tsawon mako huɗu zuwa shida, a zaunar da yara bisa matsayinsu ba bisa ajinsu ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta shahara da wannan tsari a firamare, kuma yana aiki a ƙananan azuzuwan sakandare. Kurakurai biyu ake yi. Na farko, sa wa rukunin suna mai kunyatarwa. Saurayi ɗan shekara sha shida da aka kira ɗan ajin dakikai gobe ba za ka gan shi ba, don haka a ba su sunan launi. Na biyu, barin yaro ya dawwama a rukuni. Duk mako biyu a sake ɗan gwaji na minti goma, wanda ya wuce a ɗaga shi.

Sauran manhajar kuma a zauna da shugaban kowane sashe a tace ta. Tambaya ɗaya ce: wane babi ne in ba a yi shi ba na aji na gaba ba zai fahimtu ba? Shi za a koyar sosai. Sauran a taƙaita ko a tura gaba. Malamin da ya ce ya gama babi goma sha biyu cikin mako shida littafin rajistar darasi ya cika, ba kan yara ba.

Malamin Kemistiri:

Na yarda da Malama a JSS da SS1. A SS2 ban yarda da mako shida ba. Su ne masu WAEC ta gaba, kuma tambayoyin suna fitowa sosai daga aikin SS2. WAEC ba ta sanar da cewa za ta rage manhaja ba. Su mako biyu na gyaran tushe ya isa, sannan a ci gaba, a riƙa cusa bitar a minti goman farkon kowane darasi. Lesin ɗin Asabar ma su za a fara ba. Kuma a tuna WAEC tana karɓar makin gwajin cikin zango na SS1 da SS2 wajen rajista, to a yi gwaje-gwajen gaske a wannan gajeren zangon a adana, kada a zo lokacin rajista ana ƙirƙiro lambobi.

Ɗakin gwaje-gwaje kada a shigar da yara sai an bi shi kwalba-kwalba. Ruwan sodiyom haidiroksaid da aka haɗa tun Maris ya sha iska, ƙarfinsa ya sauya, duk awon da aka yi da shi amsar za ta kauce, yara su ɗauka su ne ba su iya ba. A zubar a haɗa sabo. Garinsa ma in murfin bai rufu ba ya jiƙe ya dunƙule. Gishirin ƙarfe mai launin kore-kore in ya koma ruwan ƙasa ya lalace. Famfon buret, wato dogon bututun gilashin awo, da ya kafe a jiƙa shi a ruwan ɗumi, kada a murɗa da ƙarfi, wuyan ne zai karye. A duba robar gas da ruwan sabulu ko ɓera ya huda ta. Batiran ɗakin fizik kuwa a ɗauka sun mutu.

Duba-gari:

Malam, ruwa tukuna. Da tsarin Firinsifal mutum 300 ne a rana. Wanke hannu ɗaya a bokiti mai famfo yana cin kamar rabin lita in an rage famfon. Sau uku a rana, lita 450 ke nan, jarka 23 mai lita 20. Ban da alwala da ban-ɗaki. A sa bokiti biyu ko uku a ƙofa, ɗaya a gaban kowane jerin azuzuwa, ɗaya a bakin ban-ɗaki. In a ƙofa kaɗai aka sa guda ɗaya, layin da zai taru ya fi rashin wankewar haɗari. Sabulun sanda ɓacewa yake yi. A zuba garin omo giram 30 a gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a huda murfin, a ɗaure ta da igiya. A cuɗa hannu daƙiƙa 20. A haƙa ɗan rami a cika da tsakuwa a ƙarƙashin kowane bokiti, in ba haka ba wurin ya zama taɓo da gidan sauro.

Na goge banci da hannun ƙofa: a duba jikin kwalbar bilic. In an rubuta kashi 3.5, awo ɗaya a zuba masa ruwa awo 34. In kashi 5 ne, ruwa awo 49. A haɗa na yini ɗaya kawai, don kwana da hasken rana suna kashe ƙarfinsa. A fara goge ƙura da ruwan sabulu, domin datti yana cinye sinadarin. Kada a gauraya shi da wani maganin wanke ban-ɗaki, hayaƙin da zai tashi yana shaƙe mutum. Kuma kada a fesa wa yara a jiki.

Na'urar auna zafi tana ƙarya a rana. Yaron da ya taka kilomita uku zai nuna zafi, wanda ya sha iskar babur da sanyin safiya zai nuna ƙasa da gaskiya. A zaunar da shi a inuwa minti goma a sake. In ya kai 38, a kai shi ɗakin da aka ware, a kira iyaye, a tura asibiti. Oktoba ce, ƙarshen damina, yawancin zazzaɓin na cizon sauro ne, to a yi wannan gwajin ma, kuma kada a yi shelar sunan yaro.

Abin da ya fi bilic amfani kyauta ne: taga. A buɗe na ɓangarorin biyu iska ta ratsa. Hunturu na tafe, yara za su riƙa rufewa, a bar su su sa rigar sanyi a kan yunifom. Takunkumin yadi biyu kowane yaro, ɗaya a fuska ɗaya a shanya. Kafin Litinin kuma a sare ciyawa saboda macizai, a duba silin saboda jemagu da yoyo, a ƙwanƙwasa ƙafafun banci don gara ta yi damina a ciki, a wanke tankin ruwa.

Mataimakin Shugaba, Ɓangaren Karatu:

Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Waɗanda ba su dawo ba fa, sai yaushe za mu cire sunansu?

Tsohon Firinsifal:

Kada ka cire kowa a wannan zangon. Ran Juma'ar farko kowane malamin aji ya ɗora rajistar Maris a kan ta yanzu ya kawo sunayen da babu. A tambayi 'yan unguwarsu a cikin aji, sun fi kowa sani. Za ka ga dalilan sun rabu. Masu girbin gero da wake da shinkafa za su dawo da kansu in kaka ta lafa, su a riƙa aika musu aikin gida ta hannun maƙwabci. Waɗanda suka kama sana'a, gareji ko shago ko tuƙin adaidaita, sun ɗanɗana kuɗi, da ubangidan za a yi magana, kuma tsarin kwana biyu ko uku a mako yana taimakawa don ba sai sun bar aikin ɗungurungum ba. Masu rashin kuɗin yunifom ko na PTA a ɗaga musu ƙafa a sanar a fili. 'Yan matan da aka sa wa rana ko aka ɗaura wa aure, wasiƙa ba ta yin komai. A tura malama babba tare da wata uwa daga kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC), bayan an gaida mai unguwa da liman, a nemi a sa ci gaba da karatu cikin sharaɗin auren. Wannan a yi shi cikin mako biyun farko, kafin lokacin bukukuwan bayan kaka.